Amsa: goge tsofaffin amsoshin fom a Drupal

Wa'alaikumus salam Malam. In na fahimce ka, shafinku na intanet da Drupal aka yi shi, wato manhajar gina shafuka, fom ɗin Webform (modul ɗin Drupal na yin fom) ya tara amsoshi na shekara da shekaru, kana so tsofaffin su riƙa gogewa da kansu ba sai ka zauna kana dannawa ɗaya bayan ɗaya ba. To kafin komai, don Allah kar ka shiga databes ka goge su da hannu, ni abin ya taɓa cina.

Wata makaranta ce nan Tudun Wada nake kula musu da fom ɗin neman gurbi, masu hostin, wato kamfanin da ke ajiye musu shafin, suka turo saƙo wai wuri ya kusa cika, cikin dare na buɗe phpMyAdmin, manhajar shiga databes kai tsaye, na share layukan teburin webform_submission na kwanta ina jin kaina gwani. Da safe na duba, wallahi ko alamar raguwa babu. Ashe ainihin abin da mutane suka cike yana cikin wani teburin daban, webform_submission_data, su kuma hotunan fasfo da takardun haihuwar yara suna nan jibge a folda, teburin file_usage yana ta cewa ana amfani da su, don haka babu mai taɓa su. Kwana biyu na yi ina tsintarsu kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa, ga wuta tana ɗaukewa ga data tana ƙarewa.

In Drupal 9 ko 10 ne ma wataƙila ba ka buƙatar rubuta komai. Shiga Settings na fom ɗin, sai Submissions, can ƙasa akwai wurin purge, wato gogewa. Ka zaɓi draft (waɗanda ba a gama cikewa ba) ko completed (waɗanda aka gama) ko duka, ka sa adadin kwanakin da za a ajiye, misali 90. Amma fa cron ne ke aikin, wato tsarin da ke gudanar da ayyuka da kansa lokaci-lokaci, kuma kaɗan-kaɗan yake ɗiba a kowane zagaye, shi Automated Cron ɗin da Drupal ke zuwa da shi duk awa 3 ne, shi ma sai wani ya buɗe shafin. Saboda haka in ka sa yau gobe ka ga saura ba lalacewa ya yi ba. Gara ka sa cron na gaske a saba (server).

Sai in kana da sharaɗi na musamman, kamar a bar waɗanda aka bai wa gurbi, nan ne za ka rubuta ɗan modul da hook_cron, wato lambar da Drupal ke kira duk sanda cron ya zagayo. Ka yi entityQuery a kan webform_submission, sharaɗin webform_id, sai created, wato lokacin da aka ƙirƙiri amsar, ya zama ƙasa da lokacin yanzu a cire 7776000, wato sakan na kwana 90. Kar ka manta accessCheck(FALSE), a Drupal 10 in babu shi kuskure zai watso maka. Ka sa range kamar 50, wato amsoshi 50 a kowane zagaye, ka yi loadMultiple, sannan delete ta storage, ita ce ta san duk inda bayanan suka warwatsu har da fayiloli. Dubu biyar a lokaci guda a kan hostin mai arha, memori ne zai ƙare aikin ya tsaya a tsakiya.

Alamar ƙasa-da (<) ɗin nan ta sharaɗin created ka dube ta sau biyu, in ta juya sababbin za ta cinye. Ni yanzu sai na sa modul ɗin ya fara buga mini lambobin amsoshin da zai goge, na buɗe uku ko huɗu na ga kwanan watansu da idona tukuna. Kuma kafin komai ka ɗauki kwafin databes da drush sql:dump (drush shi ne kayan ba Drupal umarni a rubuce), ka sauke kwafin a kwamfutarka. Umarnin webform:purge na drush kuwa amsoshin fom ɗin yake wankewa gaba ɗaya, ba shi kake nema ba.

Ka kuma tambayi shugaban wurin a rubuce kwana nawa yake so a ajiye, kar bayan wata uku ya zo yana neman lambar wayar wani uba. In kuma Drupal 7 ne gaya min, can sunayen teburan daban ne, kuma tun 5 ga Janairu 2025 aka daina tallafa masa.