Amsa ga mai tambaya: ƙaramar haibrid ko motar fetur zalla don iyali?

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, na karanta tambayarka, inda ka ce kana zaune a Kano da iyali mutum shida, kana kai yara makaranta kullum, kana kuma zuwa Katsina gaida iyaye lokaci zuwa lokaci, sannan dilan mota ya nuna maka motoci biyu, ɗaya mai fetur zalla, ɗaya kuma ƙaramar haibrid, wato motar fetur da lantarki ke ɗan taimaka wa, irin wadda ake rubuta wa MHEV a baya, wadda ya ce rabin man da ka saba sha za ta sha. Shekara uku ke nan ina hawa irin wannan mota ta biyu, mai kujera bakwai, bayan na shafe sama da shekara goma da motar fetur, don haka zan faɗa maka abin da na gani da idona.

Maganar rabin mai ba gaskiya ba ce, kuma ina jin takaicin yadda ake sayar wa mutane da sunan haibrid ba tare da an bambance musu ba. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, har ta kai naira 1,000 a ƙarshen 2024, duk magidanci ya zama mai kasa kunne idan aka ambaci rage shan mai, su kuma masu sayarwa sun san da haka. Cikakkiyar haibrid, irin Toyota Prius da ta fara fitowa a Japan a 1997, ko Camry da Highlander masu wannan tsari, tana da babban batir da injin lantarki mai ƙarfin da zai iya jan motar shi kaɗai a cikin cunkoso. Ƙaramar haibrid ba ta iya wannan. Motar fetur ce da aka haɗe mata kik da altaneta suka zama na'ura ɗaya, galibi bel ne ke juya ta, aka kuma ƙara mata ɗan ƙaramin batirin litiyam. Idan ka ɗaga ƙafa daga totur ko ka taka birki, na'urar tana tara wuta a batirin; idan za ka tashi, sai ta ɗan taimaka wa injin; idan ka tsaya a danja, injin ya mutu da kansa, ya kuma tashi da zarar ka saki birki. Wasu, kamar tsarin SHVS na Suzuki da ke cikin Swift da Ertiga, volt 12 ne, wasu kuma, kamar na motocin Mercedes da Audi da Hyundai Tucson, volt 48 ne.

Ragin da za ka samu a cikin gari bai cika wuce kashi goma cikin ɗari ba, kuma a ƙasarmu akwai abin da ke ƙara cinye shi, wato zafi. A yawancin waɗannan motoci injin ne ke juya na'urar sanyaya mota, saboda haka idan ya mutu, sanyin ya fara raguwa. Na sha tsayawa a cunkoson Titin Murtala Muhammad da rana tsaka a watan Afrilu, yara na baya sun taso daga makaranta, injin ya mutu, kafin in ƙirga ashirin ya sake tashi da kansa domin cikin motar ya fara ɗumi. Wata rana ma ba ya mutuwa sam. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, kusan babu bambanci tsakaninta da tsohuwar motata. Sai da hunturu, lokacin da muke sauke gilashi, nake ganin tanki ya ƙara min kwana ɗaya ko biyu. A kan hanyar Katsina kuwa, inda za ka ɗora ƙafa a totur ka yi ta tafiya ba birki ba tsayawa, injin fetur ne ke yin aikin gaba ɗaya.

Ka zauna da biro da takarda ka yi lissafin da kanka. A ce kana shan lita 150 a wata. Kashi goma shi ne lita 15, wato lita 180 a shekara. Ka ninka da farashin gidan man unguwarku, sannan ka duba shekara nawa za ka yi kafin wannan ragi ya mayar maka da ƙarin kuɗin da dilan ya ɗora wa motar. Idan amsar ta wuce shekara huɗu ko biyar, to ba don mai kake sayenta ba.

Abin da ya fi lissafin mai muhimmanci a wurina shi ne gyara, kuma a nan ne na ɗanɗana kuɗata. A shekara ta biyu wata fitila ta kama a gaban mota, injin ya daina mutuwa a danja, ana kuma jin ɗan ƙara idan ya tashi. Bakanikena, wanda na yarda da hannunsa tun zamanin tsohuwar motar, ya buɗe bonet ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Alhaji, gaskiya ban taɓa kwance irin wannan ba, kada in ɓata maka mota." Na gode masa da wannan gaskiya har yau. Sai a gareji na uku na samu mai kwamfutar da ta karanta matsalar, ashe bel ɗin ne da abin da ke ɗaure shi suka gaji. Ba irin fambel ɗin da aka saba ba ne, domin yana ɗaukar nauyin tayar da inji sau da yawa a rana. Na zaga Ƙofar Ruwa ban samu ba, aka aika Ladipo a Legas, motar ta yi kusan mako uku a ajiye, yara suna zuwa makaranta a adaidaita sahu. Da motar fetur ce irin waɗanda suka cika gari, da kafin la'asar an gama.

Akwai ƙananan abubuwa kuma da ba a faɗa wa mai saye. Batirin gaba na motar da ke kashe kanta nau'i ne na musamman, EFB ko AGM, ya fi na yau da kullum tsada, kuma idan aka sa mata na gama-gari ba ya daɗewa. A wasu motocin batirin litiyam ɗin yana ƙarƙashin kujerar gaba, don haka da damina kada ka kutsa cikin ruwan da zai shigo har ƙasan mota, kuma ka hana masu wankin mota kwarara ruwa a ciki.

Duk da haka ba na nadamar sayenta. Tashinta babu kakari, ba ta jijjiga, kuma tana da laushi a cunkoso. Amma ni sabuwa na saya, da garanti, daga wurin da ke da garejinsa. Idan taka ma haka take, mai volt 12 ce, kuma bambancin kuɗin kaɗan ne, ka ɗauka hankalinka kwance. Idan kuwa 'yar Kwatano ce mai volt 48 wadda ba ka san tarihinta ba, ina ba ka shawara ka bar ta ka ɗauki ta fetur, domin a irin waɗannan na'urar ce ke cajin batirin gaba ma, idan ta lalace motar ta tsaya cak, kuɗin sabuwar na'ura kuma zai cinye duk man da ka adana. Idan rage shan mai ne ainihin damuwarka, ka ƙara haƙuri ka tara kuɗin cikakkiyar haibrid ta Toyota, wadda masu gyaranta sun fara yawa a Kano da Abuja.

Kafin ka biya ko kwabo, ka je da motar wurin mai kwamfuta wanda kai ka zaɓa, ba wanda dila ya nuna maka ba, a duba lafiyar batura biyun, sannan ka tambayi farashin bel da na'urar a kasuwa. Allah ya zaɓa maka mafi alheri, ya sa a hau lafiya.