Ɗan hayana yana son saka wasu a gidan, in yarda ko in ƙi?

Tambaya: Assalamu alaikum Barista. Ina da gida mai ɗaki uku da falo a Kubwa, Abuja, na ba wani ma'aikaci hayar shekara-shekara, yanzu shekararsa ta uku ke nan. Iyalinsa sun koma Zariya, sai ya zo yana roƙon in bar shi ya ba wasu samari biyu ɗaki ɗai-ɗai don su rage masa nauyin kuɗin haya. Bai taɓa riƙe mini ko kwabo ba, ina jin nauyinsa, amma hankalina bai kwanta ba. Dillalin da ya haɗa mu ya ce in yarda kawai in riƙa karɓar kasona a hannun samarin, ai baƙi ne, ranar da na gaji da su sai in sa a watso musu kaya waje. Mene ne mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Rashin kwanciyar hankalin nan naka yana kan hanya, kada ka bari a lallashe ka ka watsar da shi.

Fara da ɗauko takardar yarjejeniyarku. Idan akwai sharaɗin da ya hana shi ba wani haya ko saka wani sai da izininka a rubuce, wuƙa da nama suna hannunka. Idan takardar ta yi shiru, ko kuma da baki kuka yi, to asalin ƙa'idar ita ce ɗan haya yana iya ba wani hayar abin da ya kama, muddin bai wuce wa'adinsa ba. Masu gidaje da yawa ba sa son jin wannan, amma haka abin yake. A Legas ne dokar haya ta 2011 ta ɗora wa ɗan haya neman izinin mai gida a rubuce ko da takarda ba ta faɗa ba, kai kuwa gidanka ba a Legas yake ba. Malaman Malikiyya ma sun halatta wa mai haya ya ba wani, in dai wanda zai shiga bai fi shi cutar da gidan ba. Don haka zuwan da ya yi ya tambaye ka mutunci ne, ka riƙe shi da kyau.

Kana iya ƙi, in takarda ta ba ka dama. Kana iya yarda samarin su zauna a matsayin 'yan raɓe, wato ɗan hayanka ne mai gidan a aikace, makullin ƙofar shiga na hannunsa, kicin da falo na tarayya ne, ba wanda ya mallaki wani sashe shi kaɗai. Kana iya yarda da haya a kan haya bisa sharuɗɗa. Ko kuma, in yana so, ya miƙa maka gidan, a soke tsohuwar yarjejeniya, ka rubuta sabuwa da kowannensu. Wannan ta ƙarshen tana kawo kuɗi, amma ka tashi daga ɗan haya ɗaya da ka sani zuwa uku, kowanne da notis ɗinsa da rigimarsa. Ni da na fi so ka tsaya a kan mutum ɗaya da za ka riƙe.

Sai maganar dillali, wadda ita ce ta fi damuna, domin kusan kullum sai an ji ta. Wai baƙi ne. Wa ya gaya masa? Dokar karɓar gida daga ɗan haya da ke aiki a Abuja ba ta tsaya ga wanda sunansa ke kan takarda ba. Duk wanda ke zaune a gida ta halastacciyar hanya, yana biya ko ba ya biya, ta ba shi kariya. Saurayin da ya shigo da katifarsa da jakarsa da saninka ya shigo ta halastacciyar hanya. Ranar da kuma ka miƙa hannu ka karɓi kuɗi a wurinsa, ko ya turo maka ta banki ka yi shiru, balle ka yanka masa rasit da sunansa, ka ba shi hujjar da zai tsaya gaban alƙali ya ce shi ɗan hayarka ne kai tsaye. Ɗan hayanka na asali zai iya tattara nasa ya koma Zariya, ya bar ka da mutum biyu da ba ka san asalinsu ba, ba mai tsaya musu, ba takardar da ta ɗaure su. Dillali ya riga ya ci la'adarsa, ba za ka ga ƙeyarsa a kotu ba.

Watso kaya kuwa, wannan shawara ce ta jefa ka rami. Canza kwaɗo, cire ƙofa, yaye kwano, yanke wuta da ruwa, turo ƙarti, duk doka tana kallonsu a matsayin kutse, ko da gidan naka ne da gumin goshinka ka gina shi. Kotun Ƙoli ta faɗi haka a shari'ar Ihenacho da Uzochukwu a 1997: mai gidan da ya fitar da ɗan haya da hannunsa, ko da wa'adi ya ƙare, zai biya diyya. A Legas har laifi ne mai tarar da ta kai naira 250,000 ko ɗaurin wata shida. Kuma ka san yadda ake yi, da zarar kaya sun kwana a waje sai a ce akwai kwamfuta da tsabar kuɗi a cikin akwatin da ya ɓace, kai ne za ka yi ta rantsuwa. Masu rugawa caji ofis su ma su sani, dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum saboda saɓa yarjejeniya kawai. Rigimar haya ta kotu ce.

Hanyar da doka ta sani doguwa ce, shi ya sa ake son ka yi tunani tun kafin katifa ta shigo. Idan takarda ba ta yanke wani wa'adi dabam ba, ɗan hayar shekara notis ɗin wata shida ake ba shi, na wata-wata kuma wata ɗaya. In ya cika bai fita ba, sai notis na kwana bakwai cewa za ka nemi kotu ta karɓar maka gidanka, sannan a shigar da ƙara, kuma ma'aikatan kotu ne ke fitarwa, ba kai ba. Kuskure a lissafin kwanaki yana iya mayar da kai farko.

In ka zaɓi yarda, kada ka yarda da baki ko ta saƙon WhatsApp mai cewa "ba komai". Lauya ya rubuta takardar izini shafi ɗaya ko biyu, ku huɗu ku sa hannu da shaida. A sa sunayen samarin biyu da hotunansu da lambar NIN da mai tsaya wa kowanne, a kuma bayyana cewa izinin nasu ne su kaɗai, in ɗaya ya tashi ba a maye gurbinsa sai an dawo wurinka. A rubuta cewa kuɗin haya gaba ɗaya da duk wata ɓarna suna wuyan ɗan hayanka, cewa ba wata haya tsakaninka da su, kuma zamansu yana ƙarewa aƙalla kwana ɗaya kafin wa'adinsa ya cika. A ƙayyade yawan masu kwana, a hana mayar da ɗakunan masaukin kwana-kwana. Ƙarin mutane yana nufin ƙarin ruwa da saurin cikar ramin masai, don haka a faɗi wanda zai biya kwashewa, a ƙara kuɗin ajiya na ɓarna, a ɗauki hoton bango da famfo da tayil kafin su shiga. Ƙarin kuɗin haya kuma ka bari sai lokacin sabuntawa, ko ku daidaita da yardarsa, ba ka da ikon ɗora shi a tsakiyar wa'adi.

Idan kuwa ka ƙi, daga baya ka tarar ya saka su a ɓoye alhali takarda ta hana, kada ka karɓi kuɗin haya na gaba kafin ka ga lauya. Karɓa bayan ka sani ana iya ɗaukarsa a matsayin ka yafe saɓawar. Lauyan ya fara aika masa wasiƙa mai kwanan wata, a ajiye kwafin da ya sa wa hannu.