Tambayoyinku kan kwamfutar gem: daskarewa da shuɗin allo

Wasiƙun wannan makon kusan duk kan kwamfutar tebur ta wasan gem suke. Na zaɓi biyar.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Wata huɗu ke nan da na haɗa kwamfutar gem, da RAM ɗin DDR5 guda biyu masu gudun 6000. Da na yi kamar rabin awa ina wasa sai allo ya koma shuɗi, ta mutu ta sake tashi da kanta. Na yi mata fomatin sau uku, abin bai daina ba. In sake yin na huɗu?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Ɗan'uwa, don Allah ajiye filashin nan da kake yin fomatin da shi. Haƙori ne ke maka ciwo, kai kuma sau uku kana zuwa wurin wanzami a yi maka aski. Wannan ɗabi'a ta fomatin tana cikin abubuwan da suka fi ci mini tuwo a ƙwarya, saboda haka ka yi haƙuri, zan ɗan tsawaita.

Shuɗin allo sanarwa ce. Windows ta ga wani abu ya rikice a can cikin ƙuryarta, ta san in ta ci gaba za ta iya ɓata maka fayiloli, sai ta tsaya ta rubuta maka dalili. Dalilin yana nan a ƙasan allon da manyan baƙaƙe, ko da allon naka baƙi ne kamar yadda sababbin Windows 11 suka koma nunawa tun 2025. Ka rubuto mini wasiƙa guda, ba ka faɗi abin da aka rubuta a wurin ba, kuma haka mafi yawanku kuke yi. Bayan wannan, duk lokacin da ta faɗi tana ajiye ɗan ƙaramin fayil a C:\Windows\Minidump, wanda manhaja irin BlueScreenView ko WinDbg za ta buɗe ta nuna maka direban da ake zargi, wato 'yar manhajar da Windows ke sarrafa wani ɓangaren kwamfuta da ita. Kowane fomatin da ka yi, waɗannan fayilolin ka share. Da hannunka ka kori shaidu har sau uku.

Duk da haka fomatin ɗin ya gaya mana abu ɗaya: tunda sabuwar Windows ma faɗuwa take, a kayan ƙarfen za mu nemi matsalar. Ni RAM nake zargi, wato ma'adanar wucin gadi da kwamfuta ke riƙe aikin da take kai a cikinta. Asalin gudun da DDR5 ke tashi da shi yawanci 4800 ne. Wancan 6000 da ke jikin kwali ba ka samun sa sai ka kunna saitin XMP ko EXPO a BIOS, wato shafin saiti da ake shiga kafin Windows ta tashi, kuma wannan tura RAM ne ya yi gudun da ya wuce ƙa'idarsa. Wani furosesan, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, yana ɗauka lafiya, wani ba ya ɗauka. Babbar alamar ciwon RAM ita ce rubutun allon ya riƙa sauyawa, yau MEMORY_MANAGEMENT, gobe IRQL_NOT_LESS_OR_EQUAL, jibi wani daban.

Shiga BIOS ka kashe XMP ko EXPO, ka yi kwana biyu kana wasa. In ta daina, to an kama ɓarawo: sabunta BIOS ka sake gwadawa, ko ka sauko zuwa 5600 ka zauna lafiya, da wuya idonka ya ga bambanci a wasa. In ba ta daina ba, duba ramukan da RAM ke ciki. A yawancin modabod (babban faifan da ake soka kayan kwamfuta a kansa) mai rami huɗu, RAM biyu a rami na 2 da na 4 suke zama in ka ƙirga daga wajen furosesa, kuma sai ka ji sun ce ƙas. Daga nan ka sa MemTest86, manhajar gwajin RAM, a wancan filashin da ka saba fomatin da shi, ka bar shi ya kwana yana aiki. Kuskure ko guda ɗaya ya nuna, akwai matsala. Sai ka cire RAM ɗaya ka gwada su ɗai-ɗai.

Abu guda za ka riƙa canzawa a lokaci guda, ka kuma rubuta a takarda: ranar kaza na canza kaza, ga abin da ya biyo baya. Ni ba na taɓa kwamfutar da ke faɗuwa sai da biro da littafi a gefena. Wanda ya canza abu biyar rana ɗaya, ko ta warke bai san maganin ba, in ta dawo kuma sai ya koma farko.

Tambaya: Malam, na sa sabon katin hoto RTX 3080. Tun ranar, in wasa ya yi zafi sai kwamfutar ta mutu ɗif, babu shuɗin allo, babu komai. Event Viewer yana nuna Kernel-Power 41. Akwatin wutata mai wat 550 ne.

Amsa: Kernel-Power 41 da ka gani a Event Viewer, wato inda Windows ke rubuta abin da ya faru, ba ya nufin komai illa cewa kwamfutar ta mutu ba ta yi sallama ba. Amsar tana cikin jimlarka ta ƙarshe. Katin nan shi kaɗai wat 320 yake ci, Nvidia da kanta akwatin wuta mai wat 750 ta ce a haɗa shi da shi, kuma yakan fizgi wuta fiye da haka na ɗan ƙiftawar ido. Da ya fizga sai akwatin ya kare kansa ya yanke wuta, shi ya sa Windows ba ta ko samun damar nuna shuɗin allo. Ka sayi ingarman doki ka ɗaure shi da zaren ɗinki. Canza akwatin, ka nemi na kamfanin da aka sani, kuma kada tambarin 80 Plus ya ruɗe ka, domin tattalin wuta kawai yake aunawa. Kowane ramin wuta na katin ka ba shi wayarsa daban daga akwatin, ban da waya ɗaya mai kai biyu. Wayoyin tsohon akwatin kuma su bi shi, kada ka soka su a sabo ko da sun shiga, tsarin cikinsu ba lallai ya zama ɗaya ba, suna iya ƙona maka kaya.

Tambaya: Allona yakan daskare na ɗan lokaci, ya yi baƙi, wani lokaci ya nuna VIDEO_TDR_FAILURE da nvlddmkm.sys. Ina da manhajar da ke sabunta mini direbobi duka da kanta.

Amsa: Madalla da mai karanta allo. Wancan fayil direban Nvidia ne, kuma Windows daƙiƙa 2 kawai take jiran katin hoto ya amsa kafin ta yi ƙoƙarin farfaɗo da shi. Cire manhajar nan mai sabunta direbobi yau. Shiga Safe Mode, wato tayar da Windows da abubuwan da suka zama dole kawai, wanke tsohon direba da manhajar goge direba ta DDU, ɗauko sabo daga shafin Nvidia. In ka ƙara wa katin gudu, mayar da shi yadda ya zo. Ranar da allo ya sake daskarewa, danna Win da Ctrl da Shift da B tare kafin ka kai hannu ga maɓallin kashewa.

Tambaya: Shekarar kwamfutata biyu. Yanzu fankoki suna ta ƙara, wasa yana sarƙewa har ya tsaya cak. Ban taɓa buɗe ta ba.

Amsa: 'Yar'uwa, shekara biyu ba a buɗe ba, ai ƙurar ciki ta isa a yi shuka. Sa HWiNFO ki duba zafi kina cikin wasa. In furosesan Intel yana taɓa digiri 100, rage gudunsa yake don kada ya ƙone. Zare wuta, hure ƙurar da iska kina riƙe da fankokin kada su juya, ki goge tsohon man da ke tsakanin furosesa da na'urar sanyaya shi ki sa sabo.

Tambaya: Ina da Core i9-13900K da katin hoto mai ƙarfi, amma wasu wasannin tun wajen buɗewa suke faɗuwa, suna cewa ma'adanar katin hoto ta cika. Katin ne ya lalace?

Amsa: Da wuya. Wannan saƙon ya yi suna a 2024 a kan furosesoshin tebur na Intel zubi na 13 da na 14, musamman a wasannin da aka gina da Unreal Engine, lokacin da suke shirya hotuna a farkon buɗewa. Intel ta amsa cewa furosesan yana neman ƙarfin wuta fiye da kima, abin da ke cinye shi a hankali. Ta fitar da gyara mai lamba 0x129 a watan Agusta na shekarar, sannan 0x12B a Satumba, ta kuma ƙara shekara 2 a kan garanti. Gyaran ta hanyar sabunta BIOS yake zuwa, saboda haka je shafin kamfanin modabod ɗinka ka ɗauko na ƙarshe, ka zaɓi saitin Intel na asali. Sai dai ka sani, gyaran yana hana lalacewa ci gaba ne kawai, wanda ya riga ya taɓu ba ya dawowa. In ka sabunta kuma faɗuwar ba ta daina ba, nemo rasiɗinka ka nemi a canza maka furosesan tun garantin bai ƙare ba.