Duman rafi: magani ne ko guba?

Tambaya: Malam, ni makiyayi ne a Kusiri ta ƙasar Kamaru, a kan iyakar Chadi. Kakata takan dafa ganyen duman rafi a gasa wa mai kumburin ƙafa, amma bana da rani awakina sun ci shi a bakin kogin Logon suka kama karkarwa. Shin magani ne ko guba?

Amsa: Ɗan'uwa, kakarka ba ta yi kuskure ba, awakinka ma ba su yi ƙarya ba.

Duman rafi, ko duman kada, dangin dankali ne, masana na kiransa Ipomoea asarifolia. Yaɗo yake yi a ƙasa, yana kafa saiwa a gaɓoɓinsa, shi ya sa ko an sare shi sai ya sake tohowa. Ganyensa mai faɗi ne kamar ƙoda, furensa ruwan hoda mai duhu, buɗaɗɗen baki. Yana son yashi mai danshi, irin na gaɓar Logon da Shari da Binuwai.

Matsalar dabba daga nan take. Da rani ciyawa ta bushe, shi kuwa yana nan kore shar, yunwa sai ta kai akuya ga abin da ba ta kulawa da shi da damina. A jikin tsiron akwai wata ƙwayar naman gwari, wato dangin fumfuna, da ke samar da sinadarai masu taɓa jijiya. Dabba ta riƙa rawar kai da tangaɗi, in an firgita ta ta faɗi. An yi nazarin wannan sosai a Brazil, har aka ga gubar na bin nono ta kama 'yan raguna. Yawanci in an raba dabba da wurin, aka ba ta harawa da dusa, takan warware a hankali.

A gargajiyance, amfaninsa na waje ya fi yawa: gashi da ruwan ganyen don ciwon gaɓoɓi, ko a daka a ɗaure kan maruru. Wannan ban hana ba, muddin fatar ba ta fashe ba. Amma sha, a'a, balle ga mai ciki ko yaro.

A da ana ɗaura shi kan kurkunu. Wannan kam a bari. Maƙwabciyarku Chadi na cikin ƙasashe ƙalilan da har yanzu ake samun cutar, har a jikin karnuka, kuma ganye ba ya kashe tsutsar. Wanda ya ga alamarta ya je asibiti, kada ya tsoma ƙafar a ruwan da jama'a ke sha.