Me ya sa mitar awon kayan lantarki ba ta nuna abin da aka rubuta a jikin kaya?

Ɗan'uwa, ka ce rizistan (ɗan abin da ke rage gudun wutar lantarki) da ka saya a Jidda an rubuta masa om 1000 (om shi ne ma'aunin ƙarfin rizista), mita kuma ta nuna 970, ko jabu ne? Lafiyarsa ƙalau. Lambar da ke jikinsa ita ce ƙimar da masana'anta suka nufa, mita kuwa tana karanta ainihin wanda ke hannunka. Duba zoben launi na ƙarshe da ke jikinsa: in ruwan zinari ne, an yarda ya kauce da kashi 5 cikin 100, wato daga 950 zuwa 1050. Haka batirin mota mai bolt 12 yake kai kusan 12.6 in ya cika. Amma ka cire rizistan daga allon na'ura kafin ka auna, kada ka riƙe ƙafafunsa biyu da yatsu, domin jikinka zai rage karatun.