Ba ƙasa ce ke kayar da gidan talaka ba

Kai yaro, ajiye wayar nan tukuna. Wai me ya sa gidajen da ake gina wa talakawan ƙauye ba sa daɗewa, ko don da ƙasa ake yin su? To ka taɓo mini tsohon miki.

Ƙasa ba ta da laifi. A garin Shibam na ƙasar Yaman akwai benaye na tubalin ƙasa masu hawa 5 zuwa 11, sun yi ɗaruruwan shekaru a tsaye. Wani mai zanen gini, Francis Kéré, ya gina makaranta da tubalin ƙasa a ƙauyen Gando na Burkina Faso a 2001, a 2022 ya karɓi lambar Pritzker, wadda babu kamarta a harkar zanen gini. Ruwa ne ke kayar da gida, sai kuma mugun ɗan kwangila.

Shekarun baya ambaliya ta share wani ƙauye, wata ƙungiya ta ba da kuɗin gidaje 40, ɗan kwangilar ya ɗauke ni a matsayin magini. Na gindaya masa sharuɗɗa. Tushe da dutse, a ɗaga shi ya kai gwiwa. Kwanon rufi ya zarce bango da kamu guda da ɗoriya. Tubalin kuma na matsi da inji, siminti kashi 5 zuwa 8 cikin ɗari, a rufe shi ana yayyafa masa ruwa, kada a taɓa shi sai ya yi kwana 28. Ya ce duk ya ji.

Da aka fara, rabin siminti ya zo. Wai hanya ta lalace, kuɗin mota ya cinye sauran. Da gaskiyarsa kaɗan, domin buhun da za a kai ƙauye ya fi na birni tsada, shi ya sa talakan can ke biyan fiye da mai kuɗin gari. Amma da na ce dutse fa, sai ya yi dariya ya ce, "Malam, talaka ne, ko me aka ba shi godiya zai yi." Ya sa aka rage tsawon kwano. Tubalin kwana 5 ya ce a ɗora, don masu kuɗin na zuwa ɗaukar hoto.

A nan na yi wautar da har yau take cina. Da na tattara cokalina na tafi, da an wuce wurin. Amma cikon kuɗina na hannunsa, ga lebura 12 suna kallona. Na ɗora.

Damina ta biyu aka aiko mini. Na tarar ruwan da ke zuba daga kwano ya yi ta fallatsa a gindin bango har ya ƙwaƙule shi kamar ɓera ya ci. Na sa yatsa, ya nutse. Gara ta gama da katakon rufi. Bango 11 a ƙasa, wata tsohuwa zaune kan ɓaraguzan ɗakinta ta rungume tabarma. Ba ta zage ni ba, kallona kawai ta yi. Ɗan kwangila ko sama ko ƙasa, da cikona. Mutane kuwa ba su san shi ba, ni suka gani a kan bango. Shekara 3 ina neman aiki ana kawar da kai.

Kuma ko da bai yi ha'inci ba, zanen ma a ofis aka yi shi, ba wanda ya tambayi masu gidan. Ba wurin dabbobi, ba wurin ajiye amfanin gona, ba filin ƙara ɗaki. Alhali talaka ɗaki-ɗaki yake gini, bayan girbi, tunda filinsa ba takarda, banki ba zai ba shi rance ba. Ka bar masa gefen da zai ɗora in yara sun girma.

Yadda ake tantance ƙasa da kwaɓi da jan igiya kuwa, in har yanzu ba ka iya ba, nemi wata sana'a. Ku yaran yanzu so kuke ku zama 'yan kwangila a wata 6, hannu bai yi kanta ba.

Tashi ka yayyafa wa tubalin can ruwa, rana ta fara dukansa.