Tambaya da Amsa: Layin Dogon Kaduna zuwa Kano da Kuɗin Katin da Ake Zaftarewa

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari. Na ji an gyara tsarin mulki, yanzu jiha ma tana iya shimfiɗa layin dogonta. To me ya jawo jinkirin layin Kaduna zuwa Kano, kuma mene ne aikin 'yan majalisarmu a ciki?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Alhaji. Gaskiya ne. A watan Maris na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a gyaran da ya fitar da harkar jirgin ƙasa daga hurumin gwamnatin tarayya ita kaɗai, ya ba jihohi dama su ma su yi doka a kai. Ke nan Majalisar Dokokin Kano, mai mambobi 40, tana iya yin dokar jirgin da zai yi zirga-zirga a cikin jihar, kamar daga Dawanau zuwa tsakiyar gari. Amma duk layin da ya tsallaka iyakar jiha yana nan a hannun tarayya, kuma na Kaduna zuwa Kano irinsa ne.

An aza harsashinsa a watan Yuli na 2021, tsawonsa kilomita 203, kamfanin CCECC na China ke aikin. Ba gyaran tsohon layin da ya iso Kano a 1911 ake yi ba. Faɗin tsohon milimita 1,067 ne, na sabon 1,435, irin na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016. Taragon wannan ba ya hawa kan wancan, dole sai sabuwar hanya da gadoji da tashoshi, ga diyyar gonaki da gidaje. Babban abin da ya riƙe aikin kuɗi ne. Bashin da aka sa rai daga bankin Exim na China bai samu ba, aka koma Bankin Raya Ƙasa na China, wannan sauyin kuma sai da ya koma gaban Majalisar Tarayya a 2023. Sai a farkon 2025 bankin ya saki kimanin dala miliyan 254.

Majalisa ba ta shimfiɗa dogo, amma igiya uku ke hannunta: ita ke amincewa da kasafin kuɗi, ita ke amincewa da cin bashin waje, sannan sashe na 88 da na 89 na tsarin mulki sun ba ta ikon kiran minista ko ɗan kwangila ya zo ya yi bayani. A ganinmu ta ukun ce aka fi sakaci da ita. Sa kuɗi a kasafi daban, sakinsu daban. Kano na da sanatoci 3 da 'yan majalisar wakilai 24. In ka samu naka, kada ka tsaya a "yaushe za a gama?" Ka tambaye shi nawa aka ware bana, nawa aka saki, kuma kwamitin sufurin ƙasa ya je ya ga aikin da idonsa?

Dokar Hukumar Jiragen Ƙasa, NRC, tun 1955 aka yi ta, kafin 'yancin kai, ba ta san da jiha mai jirginta ba. Duk ƙudurin gyara ta, bayan karatu na biyu kwamiti ake miƙa wa, a nan ake zaman jin ra'ayin jama'a. Ƙungiyar 'yan kasuwa tana iya kai takardar buƙatunta a rubuce. Ku nemi a tabbatar sabon layin ya yi aiki da tashar tsandauri ta Dala da ke Zawaciki, wato tashar sauke kwantenonin kaya ta kan tudu, domin dilar atamfa ta fi buƙatar taragon kaya fiye da kujerar fasinja.

Tambaya: Ni matar aure ce a Rijiyar Lemo. Sai in sa katin naira dubu da daddare, gari na wayewa in ga saura ɗari bakwai, ban kira kowa ba. Wa zan kai wa kuka?

Amsa: Malama, galibi rajistar wani abu ce da aka yi wa layinki, waƙar kira ko labarin ƙwallo ko wasan caca, kuma tana sabunta kanta kullum ko duk mako. Wani lokaci yaro ne ya taɓa talla a waya, wani lokaci kuwa an sa ki ne ba da saninki ba, wanda ƙa'idar Hukumar Sadarwa, NCC, ta hana. Ki danna *305# ki ga abin da ke kan layin, ki soke shi. Sannan ki tura STOP zuwa 2442 don toshe saƙonnin talla. Ki duba kuma ko kina tura kuɗin banki ta hanyar danna lambobi, domin tun 2025 daga kati ake cire naira 6.98 a duk lokacin da aka yi hakan.

In kina son a dawo miki da kuɗinki, ki fara da kamfanin layinki. Ki kira 300, ki faɗi rana da adadin da aka cire, kuma kada ki ajiye waya sai an ba ki lambar ƙorafi. A nan mutane da yawa ke yin asara: su yi ta faɗa da ma'aikacin, su kashe waya ba su karɓi lambar ba. In ba a warware ba, ki kira NCC kyauta a 622, abin da za su fara nema wannan lambar ce. Kada ki goge saƙon da ya nuna an cire kuɗin, shi ne shaidarki. Hukumar tana da ofishin shiyya a nan Kano ga mai son zuwa da ƙafarsa. Dokar Sadarwa ta 2003 ce ta ba ta ikon cin tarar kamfani, kuma bayan ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data da ta amince da shi a Janairun 2025, haƙƙinki ne ki bi kadin kowace naira.

Tambaya: Ƙanena ya yi tafiya ya bar layinsa a gida. Za su iya ba wani lambar?

Amsa: Za su iya. Layin da ya yi wata 6 ba kira, ba saƙo, ba sayen data, ana iya rufe shi, in ya ƙara wasu 6 a haka a sayar wa wani. Hatsarin shi ne in lambar tana haɗe da asusun banki, saƙonnin kuɗinsa za su riƙa shiga wayar baƙo. Ku sa layin a waya duk bayan wata biyu ko uku, ku yi kira ko da na minti ɗaya ne.